Tufafin Ɗan Da Ya Rasu: Tsakanin Kewa Da Haƙuri

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake ba bayinsa aron ƴaƴa, yake kuma karɓar abinsa a lokacin da ya so, ba tare da ya zalunci kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda ya ga rasuwar shida daga cikin ƴaƴansa bakwai tun yana raye, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wata tambaya ta iso mana daga wani tela a nan Urno, kuma mun ga ya dace mu amsa ta a rubuce, domin amfaninta ya wuce mutum ɗaya. Wata baiwar Allah ta rasa ɗanta mai shekara huɗu. Bayan wasu watanni sai ta aiko wa telan da ƙullin tufafin yaron, har da zanen da ta goya shi da shi da majanyinsa, ta roƙe shi ya yayyanka su, ya haɗa ƙyallayen, ya ɗinka mata bargo guda wanda za ta riƙa rufa da shi. Telan ya ajiye almakashi, domin wasu sun ce masa wannan bidi'a ce, wasu sun ce rashin tawakkali ne, wasu kuma sun ce koyi ne da Nasara. Shin ya ɗinka, ko ya mayar mata da ƙullinta?

Kafin mu yi hukunci, wajibi ne mu san wadda muke yi wa hukuncin, mu kuma san cewa ba ita kaɗai ba ce. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijar a shekarar 1992 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 318 ba sa cika shekara biyar, wato kusan ɗaya cikin uku ke nan. Da aka sake irin wannan bincike a 2012, adadin ya sauko zuwa 127, da yardar Allah, sa'an nan da sababin allurar rigakafi da gidan sauro da kula da ƙananan yara kyauta wadda aka soma a 2006. Mun gode wa Allah a kan wannan sauƙi. Amma duk wanda ya yi wayo a lokacin bai manta da sanƙarau na 1995 da 1996 ba, bai kuma manta da yunwar 2005 wadda ta cika cibiyoyin tamowa a jahar Tawa ba. Daga Madawa zuwa Buza har Keita, da wuya ka shiga gidan da babu tsohuwar da ta taɓa miƙa ɗanta a naɗe cikin likkafani.

To, me ake bar wa uwa bayan an fita da shi? Idan yaro ya cika da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kuma wannan gaggawa sunna ce. Uwa ba ta bin gawa zuwa maƙabarta. Kabarin ba shi da suna, sai ɗan itace ko fasasshiyar tukunya, kuma damina biyu ta isa ta daidaita shi da ƙasa. Idan ɗan fari ne, kunya ta hana ta kiran sunansa yana raye, ta kuma hana ta yin kuka a gaban surukai bayan ya tafi. Masu gaisuwa su ce mata sai haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba da mai zama, bayan kwana uku kowa ya koma ga gonarsa da kasuwarsa. Ita kuwa ta koma ɗaki, ta tarar da ƴar riga a kan igiya. Hausawa sun ce tsakanin ɗa da uwa sai Allah, kuma ba a raba hanta da jini. Wannan ita ce matar da ta aiko da ƙulli.

Tushen mas'alar shi ne mu san ko kewa tana warware haƙuri. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa mai haƙuri shi ne wanda ya manta, ko wanda ya nuna kamar ya manta. Tarihin Manzon Allah (S.A.W.) bai koya mana haka ba. A shekara ta 10 bayan Hijira ɗansa Ibrahim, wanda Mariya ta haifa masa, ya rasu bai kai shekara biyu ba. Buhari ya ruwaito daga Anas (R.A.) cewa Annabi ya ɗauke shi yana kan gargara, idanunsa suna zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki ya tambaye shi, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce, kuma ya bayyana cewa hawayen ido da baƙin cikin zuciya ba laifi ba ne matuƙar harshe bai furta abin da Ubangiji ba ya so ba. A wannan rana ɗin kuma aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda mutuwar Ibrahim ne, sai Annabi ya tashi ya gyara musu, ya karantar da su cewa rana da wata ba sa husufi domin mutuwar wani ko rayuwarsa. Ku duba, ya ƴan'uwa, yadda a yini guda ya halatta wa zuciya kewa, ya kuma toshe ƙofar wuce gona da iri. A tsakanin waɗannan iyakoki biyu mas'alarmu take.

Abin da shari'a ta haramta sananne ne a littattafanmu na Malikiyya, tun daga Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani: kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi don fushi da ƙaddara. Haka nan ta iyakance wa mace barin ado saboda mutuwa zuwa kwana uku, in ba a kan miji ba, wanda takabarsa wata huɗu ce da kwana goma. Amma waɗannan kwana uku iyaka ce ga abin da jiki yake nunawa. Babu wani malami da ya ce a rana ta huɗu wajibi ne zuciya ta warke. Annabi Yaƙubu (A.S.) ya yi shekaru yana begen Yusufu har ganinsa ya tafi, kamar yadda ya zo a aya ta 84 ta Suratu Yusuf, kuma Alƙur'ani bai zarge shi ba, domin ga Allah kaɗai yake kai kukansa. A cikin ƙissar nan kuwa riga ce ta kawo masa mugun labari, riga ce kuma ta kawo masa bushara, har ya ji ƙamshin ɗansa tun ayari yana nesa. Lalle wannan mu'ujiza ce ta annabawa, kuma Yusufu yana raye a lokacin, saboda haka ba mu kafa hukunci da ita ba. Sai dai tana tuna mana cewa Wanda ya halicci zuciyar mahaifi ya san abin da ke tsakaninta da rigar ɗa.

Hujjar da ta fi kusa da mas'alarmu ita ce ta sarƙar Nana Hadiza (R.A.). Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Zainabu ƴar Manzon Allah ta aiko daga Makka da fansar mijinta Abul Asi, wanda yake cikin kamammu, kuma a cikin fansar akwai sarƙar wuyan da mahaifiyarta ta ba ta lokacin aurenta. Abu Dawuda ya ruwaito daga A'isha (R.A.) cewa da Annabi ya ga sarƙar sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai, in sun yarda, su saki mijin su kuma mayar mata da abinta, suka yarda. A lokacin Hadiza ta yi kimanin shekara biyar da rasuwa. Ga ƴa ta adana abin mahaifiyarta, ga miji ya gan shi zuciyarsa ta motsa, kuma ba a ce da ɗayansu ya rasa tawakkali ba.

A ƙasarmu ma magabata ba su ɗauki tunawa da mamaci a matsayin aibi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a shekarar 1754, ya fi kowa yaƙi da bidi'a a zamaninsa, littafinsa Ihya'us Sunna shaida ne. Amma a gidansa aka reni Nana Asma'u, wadda ta rubuta marsiyyoyi na begen ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, da na mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma malaman Sakkwato suka adana su suka kwafa. Ita Allah ya hore mata alƙalami da tawada. Matar ƙauye wadda ba ta yi karatu mai zurfi ba, allura da zare su ne abin da hannunta ya kai gare shi.

Yanzu sai mu saurari masu hani, domin maganarsu tana da nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da ita.

Masu cewa bidi'a ce, muna tunatar da su cewa bidi'ar da ake tsoro ita ce ƙirƙirar hanyar ibada wadda Allah bai shar'anta ba. Ɗinka bargo al'ada ce, kuma asalin al'adu halacci ne har sai dalili ya zo da hani. Haɗa tsofaffin ƙyallaye ma ba baƙon abu ba ne a Musulunci: Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Anas ya ga Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) yana Sarkin Musulmi da faci uku a tsakanin kafaɗunsa. Amma tsoronsu yana da asali, kuma asalin babba ne. Buhari ya ruwaito bayanin Ibnu Abbas (R.A.) game da sunaye biyar da aka ambata a aya ta 23 ta Suratu Nuh, cewa mutanen kirki ne, da suka mutu sai jama'arsu suka kafa musu alamu a wuraren zamansu domin tunawa, ba a bauta musu ba sai da wannan tsara ta shuɗe ilimi ya gushe. Shirka ta farko a bayan ƙasa ta ƙofar kewa ta shigo. Saboda haka idan uwa ta ƙudurta cewa kurwar yaron tana cikin bargon, ko tana shafarsa don neman tsari, ko tana lulluɓa wa marar lafiya da nufin waraka, ko ta keɓe masa rana a shekara da turare da yanka, to, abin ya fita daga al'ada, kuma hana shi ya zama wajibi.

Masu cewa koyi ne da Nasara, gaskiya ne cewa a Amurka wannan sana'a ce sananniya, kuma hotunanta suna iso wa matasanmu ta wayar salula. Mafi shahara shi ne bargon da aka soma haɗawa a birnin San Faransisko a 1987 domin waɗanda cutar sida ta kashe, wanda aka shimfiɗa a Washinton ranar 11 ga Oktoba na wannan shekara, yana da ƙyallaye 1,920, kowane ɗaya girman kabari, ɗauke da sunan mamaci. Wancan an yi shi ne domin a nuna wa duniya. Abin da ƴar'uwarmu ta nema na cikin ɗakinta ne. Kuma kamanceceniyar da aka hana ita ce ta abin da ya keɓanci addinin wasu, in ba haka ba da keken ɗinkin da kansa ya haramta. Ya tabbata daga Mugira ɗan Shu'uba (R.A.) cewa Annabi ya sa jabba ɗinkin ƙasar Rumawa mai matsattsun hannuwa. Sa'an nan tun kafin a san salula, iyayenmu mata suna haɗa ragowar atamfa su yi wa jariri shimfiɗa.

Masu cewa ɓarna ce, su ne suka fi kusa da kama mu, domin muna zaune a ƙasar da yara da yawa ke kwana cikin ɗarin Disamba da Janairu da riga ɗaya. Buhari ya ruwaito cewa Abubakar Siddiƙu (R.A.), a ciwon ajalinsa, ya yi umarni a wanke tufar da yake jinya a cikinta a haɗa a likkafaninsa, da A'isha ta ce ta tsufa sai ya nuna mata cewa mai rai ya fi mamaci cancantar sabo. Saboda haka sa almakashi a kan sabuwar rigar salla, alhali ga maraya tsirara a maƙwabta, abu ne da zuciyar mumini ba za ta natsu da shi ba. Mafita a nan mai sauƙi ce. A raba ƙullin gida biyu: masu sauran ƙarfi a yi sadaka da su, wannan ya fi lada, waɗanda suka ƙoɗe, da zanen goyo, da majanyi, su a haɗa. Kuma abin lura ne cewa tsohuwar rigar da ya fi sawa ita uwa ta fi so, domin ita ce ta san jikinsa.

Akwai kuma wani haƙƙi wanda masu hani da masu yarda duka suka tsallake, shi ne haƙƙin magada. Tufafin mamaci dukiya ce, komai ƙanƙantarta. In mallakar yaron ce, to, gado ce: aya ta 11 ta Suratun Nisa'i ta ba uwa sulusi idan mamacin ba shi da ɗa ba shi kuma da ƴan'uwa, ta ba ta sudusi idan yana da ƴan'uwa, sauran kuwa na uba ne. In kuma uban ne ya saya da kuɗinsa bai mallaka wa yaron ba, to, kayansa ne. Ta kowace fuska dai sai da izininsa. Idan kuwa mamacin babba ne, ya bar mata da ƴaƴa ƙanana, to, abin ya fi tsanani, domin babu mai ikon yafe rabon maraya. Sai a yi wa tufafin kima, uwa ta ɗauka a cikin sudusinta ko ta biya kuɗinsu. Hawaye ba sa halatta dukiyar wani.

Saboda haka abin da ya bayyana gare mu, Allah kuwa shi ne mafi sani, shi ne ya halatta tela ya ɗinka, ya kuma halatta uwa ta rufa, bisa sharaɗin magada sun yarda, ba a lalata abin da zai suturta mai rai ba, kuma ba a ƙudurta wa bargon wata albarka ko wani tasiri ba. Ma'aunin da zai taimaki kowa shi ne bargo ya yi aikin bargo. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa A'isha ta rataye wani labule mai hotuna, Annabi ya ƙi shi, sai aka yanka shi aka yi matasai da shi. Daga nan malamai suka fahimci bambancin abin da ake ratayewa ana girmamawa da abin da ake amfani da shi yau da kullum. A rufa da shi lokacin ɗari, a lulluɓa wa ƙannen mamacin, a wanke shi in ya yi dauɗa, a bar shi ya tsufa ya yage kamar kowane tufa. Kada a buga hoton yaron a kai. Kada a zana aya ko sunan Allah, har da suna irin su Abdullahi da Abdurrahman, domin abu ne da za a zauna a kai, jariri ma ya yi fitsari.

Gare ku teloli, ku sani wannan aiki amana ce wadda ta fi ta shadda mai tsada, domin shadda in ta ɓaci ana sayo wata a kasuwa, wannan kuwa babu madadinsa. Ku tabbata an wanke tufafin da sabulu an shanya a rana, musamman in ciwo mai yaɗuwa ne ya yi ajalin. Ku tambayi mai kayan, ta bakin mijinta ko muharraminta, wane ne take son ya zauna a tsakiya kafin ku yanka. Ku yi masa shafi mai ƙarfi domin tsohon ƙyalle ba ya riƙe zare. Ku mayar da ragowar duka, kada ku zubar da ita a ƙasan keke. Kada ku baza shi a bakin shago ya zama abin hirar masu shan shayi, kada kuma ku tsawwala kuɗi don kun ga mai nema ba za ta iya ciniki ba. Wanda ya yaye wa mumini wani baƙin ciki, yana da alkawarin Allah zai yaye masa nasa ranar alƙiyama.

Gare ku mazaje, mu ma iyaye ne, kuma mun san namiji yana da masallaci da majalisa da kasuwa inda zai sauke abin da ke ransa, matar kuwa tana cikin ɗakin da yaron ya yi rarrafe. In ta nemi wannan abu, kada a amsa mata da tsawa. In kuma kuka ga watanni sun shuɗe ba ta ci, ba ta barci, ta janye daga sauran ƴaƴanta, ko bargon ya zama abin da take rufe ƙofa ta yi ta kuka a kansa dare da rana, to, a ɗauke mata shi na wani lokaci cikin lallashi, a zaunar da ita cikin ƴan'uwanta mata, a kuma kai ta likita, domin baƙin ciki yana iya zama ciwo, neman magani kuwa ba ya cin karo da tawakkali.

Gare ki kuma, ya ke ƴar'uwa da aka jarraba, ki sani ƙyalle ba ya amfanar ɗanki da komai, ke yake sanyaya wa zuciya, kuma ba mu ga laifinki a kan haka ba. Abin da zai haɗa ki da shi gobe shi ne haƙurinki da neman lada. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (R.A.) cewa bawan da aka karɓi ran ɗansa ya gode wa Allah ya yi istirja'i, Allah yana umartar mala'iku su gina masa gida a Aljanna a sa masa suna gidan godiya. Duk daren da kika ja bargon nan, ki sabunta wannan godiya.

Allah ya jiƙan ƴaƴanmu da suka riga mu, ya sa su zama masu ceto gare mu, ya raya waɗanda suka rage bisa imani da lafiya, ya sanyaya zukatan iyaye mata a duk inda suke. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon rahama. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.